Zare da Kafar Allura: Yadda Furotin 'Yan Rakiya Ke Shigar da Sarƙoƙi ta Ƙananan Kafofi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya ga yadda ake zura zare a kafar allura. Yakan lashi bakin zaren ya murza shi, ya ɗaga allurar wajen haske ya saita, da zarar kan zaren ya leƙo ta ɗaya gefen kuma sai ya cafke shi da yatsu biyu ya ja. Aikin na bukatar ido mai gani da hannun da ba ya rawa. A cikin jikin ɗan Adam ana yin makamancin wannan aiki sau biliyoyi a kowace daƙiƙa, a wurin da babu ido babu yatsa, kuma komai na cikin karkarwar da ba ta tsayawa. Sinadarin insulin da ke daidaita sukari a jini, da sinadaran garkuwar jiki da ke yaƙar cuta, da furotin da ke cikin nonon uwa, babu ɗayansu da zai isa inda ake bukatarsa sai an fara zura shi ta wata kafa da ta fi kafar allura ƙanƙanta sau dubbai. In da wannan aiki zai tsaya cak, da rai bai daɗe a jiki ba.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda wasu nau'o'in furotin, waɗanda aikinsu shi ne kama 'yan'uwansu su riƙe, suke taimaka wa doguwar sarƙa ta ratsa irin wannan kafa. Masana na kiransu da sunan da ma'anarsa ita ce 'yan rakiya, kuma da wannan suna za a ci gaba da ambatonsu a nan.

Sarƙa da Katanga

Furotin na daga cikin abubuwan da ake kira polima, wato doguwar sarƙa da aka ƙera daga ƙananan ƙwayoyi masu kama da juna, kamar yadda ake jera 'ya'yan carbi a zare. Ƙwayoyin da ake jera furotin da su ana kiransu amino asid, kuma iri 20 ne. Wasunsu na son ruwa, wasu kuwa gudunsa suke yi kamar man gyaɗa. Injin da ke yin jerin shi ne ribosom, kuma yana zaune ne a cikin ruwan ƙwayar halitta. Da zarar an gama jerin, sarƙar takan naɗe kanta ta dunƙule, ta ɗauki siffar da za ta ba ta damar yin aikinta.

Domin a fahimci girman abubuwan da ake magana a kansu, ya kamata a san ma'aunin nanomita. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kai guda ɗaya yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Sarƙar furotin mai amino asid 300, in aka miƙe ta, tsawonta zai ɗan haura nanomita 100. In ta dunƙule kuwa faɗinta bai wuce nanomita 4 zuwa 5 ba.

Ita kuma ƙwayar halitta ba fili ɗaya ba ce. An rarraba cikinta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da katangarsa ta tantanin maiƙo mai kaurin kimanin nanomita 5. Ɗaya daga cikin ɗakunan, wanda ake kira endofilasmik retikulum, shi ne inda ake gyara da shirya duk furotin da za a fitar waje ko a dasa a jikin tantani. Za a kira shi ɗakin shiri. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in furotin da ƙwaya ke ƙerawa sai sun bi ta wannan ɗaki. Wani ɗakin shi ne maitokondiriya, inda ake sarrafa abinci ya zama makamashi. Tana amfani da nau'o'in furotin fiye da 1,000, amma a jikin mutum guda 13 kacal take ƙerawa da kanta, sauran duk daga waje ake shigo mata da su. Matsalar ita ce tantanin maiƙo ba ya barin furotin ya ratsa shi. Ke nan dole a sami ƙofa.

Adireshi da Ƙofa

A shekarar 1971 Günter Blobel da David Sabatini na Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York suka kawo shawarar cewa duk furotin da zai shiga ɗakin shiri yana ɗauke da adireshinsa a goshinsa, wato wani gajeren jeri na amino asid a farkon sarƙar. A 1975 Blobel da Bernhard Dobberstein suka tabbatar da haka ta hanyar gwaji, kuma a kan wannan aiki aka ba Blobel lambar yabo ta Nobel a 1999. Insulin misali ne mai kyau: ana fara ƙera shi da amino asid 110, kuma 24 na farko adireshi ne kawai, ana yanke su a yar bayan sun gama aikinsu.

Ita kanta ƙofar an daɗe ana gardama a kan samuwarta. A 1987 Raymond Deshaies da Randy Schekman suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera ta a jikin yis, aka sa mata suna Sec61. A 1991 Sanford Simon da Blobel suka nuna, ta hanyar auna lantarkin da ke ratsa tantani, cewa lallai akwai kafa mai ruwa a cikinta wadda furotin ke bi. Sai a 2004 aka ga siffarta filla-filla, lokacin da ɗakunan binciken Tom Rapoport da Stephen Harrison a Jami'ar Harvard suka fitar da taswirar 'yar'uwarta mai suna SecY. Siffarta irin ta kalangu ce: faɗi a baki biyu, matsi a tsakiya. Matsin bai kai nanomita ɗaya ba in kafar na rufe, kuma akwai zoben amino asid shida masu gudun ruwa da ke rungume sarƙa yayin da take wucewa, domin kada gishirin ɗakin ya tsiyaye waje. Akwai kuma wani ɗan matoshi da ke rufe kafar in babu mai wucewa.

Daga waɗannan alƙaluma mai karatu zai ga cewa dunƙulallen furotin ba zai shige ba. Wajibi ne a warware shi ya bi ta kafar ƙwaya bayan ƙwaya. Martin Eilers da Gottfried Schatz sun nuna haka a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1986. Sun liƙa wa wani furotin na ɓera adireshin maitokondiriya, ya shiga salin-alin. Da suka ƙara masa maganin nan metotireksat, wanda ke maƙale masa ya hana shi warwarewa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga.

Daga Ina Ƙarfin Yake Fitowa?

Kafar Sec61 ba ta da injin kanta. Sarƙa na iya zamewa a cikinta gaba ko baya, babu abin da ya dame ta. Saboda haka tilas a sami wani abu daban da zai sa tafiyar ta fuskanci gefe guda.

A mafi yawan lokuta ribosom ne ke zama a kan bakin kafar tun yana cikin jerin, yana ƙara ƙwaya yana cusa sarƙar ciki, domin ba ta da wata hanya sai gaba. A jikin bakteriya kuwa akwai wani furotin mai suna SecA da ke tsayawa a waje yana tura sarƙar. Amma akwai sarƙoƙin da ake gama ƙera su, ribosom ya sake su, sannan su zo bakin ƙofa ba tare da mai tura su ba. Haka abin yake ga wasu furotin masu shiga ɗakin shiri, musamman gajeru, haka kuma ga galibin masu shiga can cikin maitokondiriya. Waɗannan mene ne ke shigar da su? Amsar ta samo asali ne daga wani abu da aka gani fiye da shekara 140 kafin a san da adireshin furotin.

Motsin Brown

A 1827 masanin tsirrai Robert Brown, mutumin Sikotlan, ya duba ƙananan ɓarɓashin da ke fitowa daga garin furanni a cikin ruwa ta madubin ƙara girma, ya ga suna ta rawa ba hutawa. Albert Einstein ne ya ba da bayanin lissafin abin a 1905: ƙwayoyin ruwa na cikin gudu a kullum saboda zafin da ke jikinsu, suna bugun duk abin da ke cikinsu ta kowane gefe. Jean Perrin na Faransa ya tabbatar da lissafin ta gwaji 'yan shekaru bayan haka. Babban abu kamar kifi ba ya jin wannan bugu, amma sarƙar furotin na jin sa ƙwarai. Saboda haka sarƙar da ta saka kai a cikin kafa ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya. Tana shiga kaɗan, ta fita kaɗan, ba tare da wani tsari ba.

Ko wannan kai-komo kaɗai zai isa ya shigar da ita? A ɗauka an ɗaure wa mutum idanu a wani lungu, bango na bayansa, kafin kowane taku sai an jefa kwabo: in ya faɗi ta wannan fuska ya yi gaba, in ta waccan ya yi baya. Lissafi ya nuna cewa kafin ya yi nisan taku 10 daga bangon, a matsakaici sai ya yi taku 100. Kafin ya yi nisan taku 100 kuwa sai ya yi taku 10,000. Wato in nisa ya ninka sau goma, wahala takan ninka sau ɗari. Ga sarƙa abin ya fi haka muni, domin ita babu bango a bayanta: tana iya zamewa ta fice gaba ɗaya, aiki ya koma sabo.

To, a sake ɗauka cewa duk lokacin da mutumin nan ya ci nisan taku 10, sai wani ya matso da bangon ya dasa shi dab da dugadugansa. Yanzu tafiyar ta rabu zango goma, kowane zango taku 100, jimilla 1,000 maimakon 10,000. In da kowane taku 5 ake matso da bangon, zango 20 ne, kowanne taku 25, jimilla 500. Ba wanda ya tura shi, ba wanda ya ja shi, ba a kuma kwance masa ido ba. Hana shi komawa kawai aka yi.

Dabarar Waigi

Wannan ita ce dabarar da Sanford Simon da Charles Peskin da George Oster suka bayyana a 1992. Yaran mota sun san irinta: in ana fama da babbar mota a kan tudu, duk ɗan motsin da ta yi gaba sai a cusa waigi a bayan taya, don kada abin da aka samu ya zube. A cikin ɗakin shiri, ɗan rakiya shi ne waigin. Yana jira a bakin kafa ta ciki. Da zarar wani yanki na sarƙa ya leƙo, sai ya kama shi ya rungume. Shi ɗan rakiya ya fi kafar girma nesa ba kusa ba, don haka yankin da ya kama ba zai sake komawa waje ba. Sarƙar na ci gaba da kai-komonta, amma in ta yi baya sai ɗan rakiya ya tokare bakin kafa. In ta yi gaba kuwa sabon yanki ya fito, wani ɗan rakiyar ya kama. A haka har wutsiyarta ta shige.

Ɗan rakiyar ɗakin shiri shi ne BiP. Ingrid Haas da Matthias Wabl ne suka gano shi a 1983 maƙale da sinadaran garkuwar jiki waɗanda ba a gama haɗa su ba, kuma ma'anar sunan nasa ita ce furotin mai kamawa. A 1986 Sean Munro da Hugh Pelham na Kambirij suka nuna cewa ɗan dangin Hsp70 ne, wato zuriyar furotin da ƙwayoyi ke yawaita ƙerawa in zafi ya tsananta musu. Tun a 1962 Ferruccio Ritossa na Italiya ya fara lura da alamar wannan martani ga zafi a jikin wasu ƙananan ƙudaje.

BiP na da sassa biyu. Ɗaya hannu ne mai rami da murfi, wanda ke kama amino asid kimanin bakwai a jere, ya fi kuma son masu gudun ruwa. Irin waɗannan wurare sukan samu a jikin sarƙa bayan kowane amino asid 30 zuwa 40 a matsakaici. Ɗaya sashen kuma aljihu ne da ke riƙe ATP, sinadarin da ƙwaya ke biyan kuɗin kowane aiki da shi. In ATP na cikin aljihu, murfin hannun a buɗe yake, BiP na kamawa yana saki cikin sauri. In aka fasa ATP ya koma ADP, sai murfin ya rufe ruf, riƙon ya yi ƙarfi.

Hikimar tsarin na wajen wanda ke ba da umurnin fasawar. A jikin kafar akwai wani furotin mai suna Sec63, wanda ke miƙo wani ɗan yatsa cikin ɗaki dab da inda sarƙa ke fitowa. Duk BiP da ya taɓa wannan yatsa sai ya fasa ATP ɗinsa nan take ya damƙe sarƙar da ke kusa. Ta haka ake tabbatar da cewa a bakin ƙofa ake sa waigi, inda yake da amfani. Bayan sarƙar ta yi nisa a ciki, wasu furotin kamar Sil1 sukan cire ADP daga aljihun BiP, sabon ATP ya shiga, murfi ya buɗe, sarƙa ta kuɓuta ta naɗe kanta, shi kuma BiP ya koma bakin aiki.

Gwajin da Ya Tabbatar

Kyawun bayani ba ya zama hujja. Mai shakka na iya cewa wataƙila BiP jan sarƙar yake yi da ƙarfin damtse kamar mai jan guga. A 1999 Kent Matlack da abokan aikinsa a ɗakin binciken Rapoport suka gwada lamarin. Sun tsamo kafar daga jikin yis suka tsarkake ta, suka ba ta wata sarƙa mai amino asid 165. Sun ga cewa BiP da yawa kan hau sarƙa ɗaya, kuma in babu su sarƙar na zamewa baya. Sannan suka cire BiP da ATP gaba ɗaya, suka zuba sinadaran garkuwar jiki waɗanda aka tanada domin su kama wurare daban-daban a jikin sarƙar. Waɗannan ba su da injin komai, ba sa cin ATP, kamawa kaɗai suka iya. Duk da haka sarƙar ta ratsa kafar. Ke nan kamawa a gefe ɗaya ta isa ta shigar da sarƙa.

A nan akwai tambayar da ɗalibi mai lura zai yi. In zafin ruwa ne ke motsa sarƙar, ashe an sami aiki a kyauta ke nan? Marian Smoluchowski a 1912, da Richard Feynman a darussansa na farkon shekarun 1960, sun nuna cewa babu na'urar da za ta tatsi aiki daga motsin Brown kaɗai in komai na kan zafi ɗaya, domin shi kansa waigin yana karkarwa, zai riƙa zamewa daidai gwargwadon yadda yake tarewa. Abin da ya sa tsarin ƙwaya ke aiki shi ne ana biya. Sinadaran garkuwa sun shigar da sarƙa da ƙarfin kamun da suka yi mata, amma sun maƙale ke nan, ba za su saki ba balle su yi wa wata aiki. Shi kuwa BiP, ATP ne ke sa ya kama da ƙarfi a bakin ƙofa ya kuma saki a can ciki. Zafi ne ke kawo motsi, ATP ke sayen alƙibla.

Muhawara a Kan Maitokondiriya

A maitokondiriya tantani biyu ne, kuma sarƙa kan ratsa kafar TOM a na waje da kafar TIM23 a na ciki. Ƙarfin lantarkin da ke tantanin ciki ne ke fizgo adireshin, sannan wani ɗan dangin Hsp70, wanda furotin Tim44 ke tsayar da shi a bakin kafa, ya karɓi aikin. Sai dai a nan sarƙoƙi da yawa kan iso bakin ƙofa da wani sashe nasu a dunƙule, kuma ana ganin ana warware su cikin sauri. A shekarun 1990 wannan ya raba masana biyu. Ɓangaren Walter Neupert a Munik ta Jamus suka tsaya a kan dabarar waigi: dunƙulen kan ɗan buɗe da kansa lokaci-lokaci, Hsp70 kuma ya tare abin da ya shigo. Ɓangaren Schatz da Benjamin Glick suka ce Hsp70 kan dogara da Tim44 ya lanƙwasa jikinsa ya fizgo sarƙar da ƙarfi. A 2002 mutanen Neupert suka dasa wa sarƙa wani dogon yanki mai santsi wanda Hsp70 ba ya iya kamawa, dab da gaban dunƙulen, amma duk da haka aka warware ta ta shige. Wannan ya raunana ra'ayin fizga.

A 2006 Paolo De Los Rios da Pierre Goloubinoff da abokansu a Lozan suka kawo bayanin da ya kusanto da ɓangarorin biyu. Ɗan rakiyar da ya kama sarƙa dab da tantani a matse yake, domin duk inda ya juya sai ya yi karo da katanga. In ya ɗan matsa ciki sai ya sami sararin juyawa. Tun da wuraren da zai iya zama a nesa da katanga sun fi na kusa yawa, bugun ƙwayoyin ruwa kan kai shi can, shi kuma yana tafe da sarƙar da ya riƙe. Wannan ja ne na gaske, mai ƙarfi a ɗan gajeren zango, ba tare da an lanƙwasa komai ba. A 2024 wasu masu bincike a Suwizalan suka auna wannan ƙarfi kai tsaye a kan sarƙa guda ɗaya ta amfani da kafar da suka dasa da kansu.

Abubuwan da Ke Ƙayyade Sauri

Masana kimiyyar fiziks sun ɗauki wannan matsala sun mai da ita lissafi, tun daga aikin Wokyung Sung da Pyeong Jun Park na Koriya a 1996, zuwa na Roya Zandi da abokan aikinta a 2003. Ana iya taƙaita abin da aka fahimta kamar haka. Na farko, tazarar wuraren kamu: in sun fi kusa da juna tafiya ta fi sauri, kamar yadda misalin bango ya nuna. Na biyu, yawan 'yan rakiya da saurin kamunsu: in yanki ya leƙo bai sami mai kama shi da wuri ba, sai ya koma. Na uku, ƙarfin riƙo: mai saki da wuri waigi ne mai zamewa. Na huɗu, girman ɗan rakiya: in ya cika girma yakan rufe wuraren kamun da ke maƙwabtaka da nasa. Na biyar kuma, bambancin gefe biyu: in masu kamu a waje sun yi daidai da na ciki a yawa da ƙarfi, sarƙa ba za ta je ko'ina ba. Shi ya sa 'yan rakiyar da ke riƙe sarƙa a waje don kada ta dunƙule sukan sake ta in ta fara shiga.

Dabarar ba ta tsaya ga furotin ba. Ƙwayar cutar kwalara na iya haɗiyar zaren DNA daga ruwan da take ciki, ta sami sababbin halaye ta haka. Binciken da aka yi a Lozan a 2014 ya nuna cewa wani furotin mai suna ComEA na kama zaren daga ciki yayin da yake shigowa, kuma masu binciken sun fassara aikinsa da irin wannan waigi.

Alaƙa da Lafiya

In wani sashe na wannan tsari ya lalace, jiki ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Lahani a ƙwayar gadon Sec63 na haddasa wata cutar gado da ke cika hanta da ƙulle-ƙullen ruwa. Lahani a ta Sil1 kuma na kawo cutar Marinesco-Sjögren, mai haɗa yanar ido tun yarinta da raunin tsoka da rashin daidaiton tafiya.

Gyambon Buruli, wanda ake fama da shi a Gana da Binin da Kwaddebuwa da Kamaru da kudancin Nijeriya, ƙwayar cutarsa na fitar da wani dafi mai suna maikolakton. A 2014 aka gano cewa wannan dafi na hana furotin shiga ɗakin shiri, bincike na baya kuma ya nuna kafar Sec61 yake toshewa. Ƙwayoyin garkuwar jiki sai su kasa aika saƙon neman agaji, gyambo ya yi ta cin nama.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuwa, bayan ta ɓuya a cikin jar ƙwayar jini, takan fitar da ɗaruruwan furotin nata domin ta sauya gidan da ta shiga. Wasu daga cikinsu ne ke sa ƙwayar jinin ta maƙale a jijiya, abin da ke jawo zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙofar da take fitar da su, PTEX, an gano ta a Ostireliya a 2009. Ita tata injin ja take da shi, wani zoben furotin shida mai suna HSP101 da ke warware sarƙa yana cusa ta. A 2014 gwaje-gwaje biyu suka nuna cewa in aka tsayar da wannan ƙofa ƙwayar cutar ba ta iya ci gaba da rayuwa a jini. Da yake jikin mutum ba shi da irin wannan ƙofa, masu neman sababbin magunguna sun sa mata ido.

Daga Ƙwaya Zuwa Na'ura

A 1996 John Kasianowicz da Eric Brandin da Daniel Branton da David Deamer suka zura zaren DNA ta kafar wani furotin na bakteriya da ƙarfin lantarki, suka ga lantarkin da ke ratsa kafar na raguwa yayin da zaren ke wucewa. Nan aka fara tunanin karanta harufan gado ta wannan hanya. Matsalarsu kishiyar ta ƙwaya ce: zaren na wucewa da gudun da ya fi ƙarfin na'urar aunawa. A 2012 aka shawo kanta ta hanyar ɗora wa zaren wani furotin mai kamu, wanda ya fi kafar girma, ya zauna a bakinta yana sakin zaren harafi bayan harafi. Na'urar MinION, mai girman da bai wuce tafin hannu ba, ta fito a 2014. An yi amfani da ita a Gini a 2015 wajen bin sawun cutar Ebola, da kuma a Irrua ta Jihar Edo a 2018 lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa. Sakamakon Irrua ya nuna cewa ba sabon nau'in ƙwayar cuta ne ya ɓulla ba, kuma galibin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauka ba daga junansu ba. Wannan ya kwantar da hankalin jami'an lafiya, ya kuma nuna musu inda za su fuskanta.

Kammalawa

An ga cewa doguwar sarƙa ba ta ratsa tantani sai a warware, ta kafar da ba ta da injin kanta. Zafin ruwa na kai ta gaba da baya, ɗan rakiya na kama abin da ya shigo ya hana shi komawa, ATP kuma na biyan kuɗin kamu a bakin ƙofa da saki a cikin ɗaki. Masu iya magana kan ce sannu ba ta hana zuwa. A duniyar ƙwayar halitta ana iya ƙarawa da cewa ko tafiyar da ba ta da alƙibla takan kai mai ita gida, muddin akwai mai rufe hanya a bayansa. Ɗalibin da ke son gwada fahimtarsa sai ya koma misalin lungu ya lissafa taku nawa mutumin zai yi in nisan 200 ne, ana kuma matso da bango bayan kowane taku 20, sannan ya kwatanta amsarsa da taku 40,000 da zai yi in babu mai matso da bangon.